Ƙusa ko sarƙa? Yadda wata a-kori-kura ta daina kafewa a taɓon fadamar Haɗeja

Wurin, da motar, da mai ita

Ƙauyen da wannan lamari ya faru yana cikin kwarin kogin Haɗeja, a ƙaramar hukumar Auyo ta Jihar Jigawa. Tsakaninsa da kwalta kilomita 9 ne, kuma hanyar kashi uku ce. Kilomita 5 na farko daga bakin kwalta burji ne da aka zuba shekaru da dama, ya zaizaye amma yana nan da taurinsa. Daga nan sai kilomita 3 na rairayi a kan tudu. Sannan hanya ta gangara fadama, ta ratsa baƙar laka kusan kilomita 1 kafin a shiga gari. A tsakiyar wannan yanki na ƙarshe akwai wani kwari mai tsawon kimanin mita 300, inda ruwa ke kwanciya daga Yuli zuwa Oktoba.

Wannan baƙar laka ita ce arzikin garin, domin ita ke ba da shinkafa da alkama. Da rani takan bushe ta tsattsage, ta yi taurin da sai da diga. Da zarar ta sha ruwa kuwa sai ta kumbura, ta yi danƙo, ta kama duk abin da ya taka ta. Ruwan kuma ba na sama kaɗai ba ne. Kogin yana gangarowa ne daga Kano, inda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suke, ga kuma ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a kwarin kogin. Saboda haka akan yi mako ba a ga hadari ba, amma fadama na nan jiƙe.

Direban magidanci ne mai shekara arba'in da 'yan kai. Motarsa tsohuwar Hilux ce ta shekarun 1990, mai shan fetur, mai jan ƙafa huɗu, irin wadda sai an sauko an murɗa makullin da ke tsakiyar kowace ƙafar gaba kafin ogzilari, wato giyar jan ƙafa huɗu, ya kama. Ita kaɗai ce motar da ke kwana a garin. Ita ke shigo da taki, ta fitar da shanshera da busasshen kifi ranar kasuwa, ita ce kuma ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare idan haihuwa ta zo da gardama. Ni nake riƙe da littafin ƙungiyar manoman garin, kuma yawancin lodin da yake ɗauka namu ne, shi ya sa ranaku da awon da ke ƙasa suka samu shiga rubutu. Ya yarda a ba da labarin, amma ban da sunansa.

Daminar 2021: farkon matsalar

Kafin wannan shekara motar takan kafe jefi-jefi, a tura ta fita. A 2021 abin ya canza. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba, littafinmu ya nuna ta kafe sau 14 ɗauke da kayan ƙungiya, kuma 11 daga ciki a wannan kwari ne na mita 300. Tafiyar da da rani ba ta wuce minti 20, takan ci awa biyu, wani lokaci yini guda idan sai an sauke kaya an nemo shanu.

Halin da motar ke ciki a lokacin shi ne: tayoyi huɗu na Belgium, na kamfanoni uku daban-daban, dukkansu masu ƙaramin zane irin na kwalta. Zurfin zanen bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba. Iska kuwa mai faci kan ba su har lamba 50 a geji, gaba da baya, saboda lodi. Lodin taki yakan kai buhu 30 na kilo 50, wato tan ɗaya da rabi, ban da mutanen da ke hawa kan kaya, alhali motar ta kusan tan ɗaya ce.

Abin da aka gwada a wannan damina duk na gargajiyar direbobi ne. A shigo kwarin da gudu don ƙarfin tafiya ya fitar da mota: wani lokaci a dace, wani lokaci ta juya gefe ta faɗa ramin da ya fi zurfi. A zuba kara da rassan bishiya ƙarƙashin taya: yana fitar da ita taku biyar, sai a sake. Yaron motar ya taɓa naɗe tayoyin baya da igiya mai kauri, yana zura ta ta ramukan wili. Motar ta yi tafiyar kusan mita 40 ba tare da ta zame ba, sannan igiyar ta tsittsinke. A ƙarshen Agusta kuloci ya ƙone saboda yawan taka totur ana gaba ana baya.

A farkon Satumba aka ɗauko wata mata mai naƙuda da dare, motar ta kafe a kwarin, sai da aka kawo amalanken shanu ya kai ta tudu, aka samu wata motar daga bakin kwalta. Allah ya sauke ta lafiya. Tun daga wannan dare direban ya ƙudurta cewa wata daminar ba za ta same shi a haka ba.

Yunin 2022: inda shawarar ƙusa ta fito

Ƙanen direban ɗalibi ne a Dutse. Da ya zo hutu sai ya nuna masa wani bidiyo a waya: motocin tsere a ƙasar Suwidin suna sheƙa gudu a kan hanyar da ta daskare ta zama ƙanƙara, suna shan kwana ba sa zamewa. Tayoyinsu cike da ƙusoshi. Sai wani bidiyon kuma, na masu babura da ƙananan motocin daji a Kanada da arewacin Amurka, suna ɗaura gajerun sukurori a haƙoran taya da hannunsu don hawa tafkin da ya daskare.

"Yaya, in dai ƙusa za ta riƙe mota a kan ƙanƙara, taɓo ai wasa ne," in ji shi.

Abin da suka gani gaskiya ne, ba haɗin kwamfuta ba. A ƙasashen sanyi taya mai ƙusa tsohon abu ne. Kamfanin da yanzu ake kira Nokian a ƙasar Finlan ya fitar da tayar hunturu ta farko a 1934, kuma a farkon shekarun 1960 aka fara sa mata ƙusa. Dalilin santsin ƙanƙara shi ne samanta na ɗauke da wani siririn ruwa-ruwa da ke hana roba kamawa, amma ƙarƙashin wannan ruwa akwai abu mai tauri. Ƙusar takan huda ruwan ta caki taurin, ta karce shi, motar ta samu abin tokarawa.

Sai dai ƙusar da kamfani ke sawa ba irin ta kafinta ba ce. Tsininta na wani ƙarfe ne mai tsananin tauri da ake kira tangistin kabaid, an dasa shi cikin kwanson ƙarfe ko alminiyam mai faffaɗan gindi. Tun a wurin ƙera tayar ake barin ramukan da za ta zauna, a cusa ta da bindigar iska, roba ta matse gindin ta riƙe. A motocin hawa na yau da kullum abin da ke leƙowa waje bai cika wuce milimita 1 da ɗan kai ba. Na motocin tseren Suwidin ne ke da tsawo, kusan milimita 7, kuma kowace taya na ɗauke da 384. Masu ɗaura sukurori da hannu kuwa kan zaɓi taya mai manyan haƙora masu zurfi, yadda zaren sukurun zai ƙare a cikin haƙorin bai taɓa jikin tayar ba, kuma a kan ƙanƙara kawai suke hawa da ita. Bidiyon minti biyu bai yi wannan bayani ba.

Yulin 2022: ɗaura ƙusoshin da gwajin farko

A makon farko na Yuli direban ya sayo tayoyin Belgium biyu da suka fi nasa kyau, masu zane mai ɗan gwaɓi, zurfin milimita 8. Ya sayi gajerun sukurori masu kai mai kusurwa shida, irin na masu aikin kwano da langa-langa, tsawon zarensu milimita 10. Ya aro na'urar ɗaure sukuru mai batir daga wani kafinta. A rumfar mai facin da ke bakin kwalta aka yi aikin, kuma mai facin bai ɓoye ra'ayinsa ba.

"Alhaji, kullum ƙusa nake cire maka daga taya. Yau kuma da hannunka za ka sa ta?"

Direban ya ce ba za ta kai ciki ba, gajeriya ce. Suka ɗaura guda 90 a kowace taya, layi huɗu, biyu a kafaɗu biyu a tsakiya, suka sa tayoyin a baya. An fesa ruwan sabulu, ba inda ya yi kumfa. Aka ba su iska 50 kamar kullum.

Kwana uku bayan haka aka yi yayyafi da asuba. A wannan lokaci fadama ba ta gama shan ruwa ba: samanta kaɗai ya jiƙe, kaurin ɗan yatsa, ƙasa kuwa tana nan da taurin rani. Irin wannan safiya ce masu babur ke faɗuwa, motoci su riƙa karkacewa. Hilux ɗin ta ratsa fadamar da buhu 30 na taki ba ta ko girgiza baya ba. Na bi sawunta da ƙafa daga baya. A cikin shatin tayar ana ganin layukan karce sirara inda kawunan sukurorin suka huda santsin suka taɓa busasshiyar ƙasa. Haka kuma a kan wani ɗan siminti da ruwa ke bi ta kai kusa da burji, wanda gansakuka ta lulluɓe, motar ta hau ba tare da tayar ta yi juyin banza ba.

Labari ya bazu a tasha. Direbobi biyu sun zo sun duƙa sun shafa tayar, ɗaya ya tambayi inda ake sayar da sukurorin.

Ƙarshen Yuli zuwa Agustan 2022: inda abin ya watse

Matsala ta farko a kwalta ta bayyana. Daga mahaɗar hanyar ƙauyen da kwalta zuwa kasuwar Haɗeja da dawowa tafiya ce mai ɗan nisa a kan kwalta, kuma motar na yin ta aƙalla sau biyu a mako. Ƙarar tayoyin ta cika kunne. Wata rana akuya ta gitta, ya taka birki, sai bayan motar ya sulale gefe, domin ƙarfe ne ke taɓa kwalta a maimakon roba. Cikin mako biyu kawunan sukurorin tsakiya suka suɗe suka yi sumul, kusurwoyin da ke yin cizon suka tafi. Wasu sun fice gaba ɗaya sun bar ramuka.

Ko a ƙasashen ƙanƙara, kwalta da ƙusa ba sa shiri. Jamus ta hana tayar ƙusa tun 1975 saboda yadda take cin hanya. Japan ta yi dokar hana ta a 1990, bayan ƙurar kwaltar da ƙusoshi ke kankarewa ta addabi birane irin su Sendai da Sapporo. A Oslo, babban birnin Norwe, sai direba ya biya haraji na musamman kafin ya shiga gari da ita. Can kwaltar ce ke shan wuya saboda ƙusarsu ta fi ta tauri. A nan sukurun ne ya sha wuya.

Matsala ta biyu ta zo da ruwan Agusta. Da fadama ta ƙoshi, laka ta yi laushi har zurfin kamu ɗaya ko fiye. A ranar 9 ga Agusta motar ta shiga kwarin da lodinta, ba ta yi mita 30 ba ta tsaya. Da aka duba tayoyin baya, ba a ganin zane, ba a ganin ƙusa. Laka ta cike kowane rami ta lulluɓe komai, tayar ta zama dunƙulen taɓo mai sulɓi tana juyawa a wuri ɗaya. Ko inda kan sukuru ya leƙo, ba abin da zai caka, kamar mai neman abin riƙo da farce a cikin kunu. Duk taka totur sai ƙara nutsewa, har aksil, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, ya zauna a ƙasa. Sai da aka sauke kaya aka ɗaura wa shanu huɗu.

Matsala ta uku ita ta kashe maganar. Nauyin lodi da bugun duwatsun burji sun riƙa tura sukurorin ciki kaɗan-kaɗan, ga kuma robar na ƙara suɗewa. Tsinin da da farko yake tsaye a cikin roba ya isa wayoyin ƙarfen da ke ƙarƙashin zane, ya wuce. Tayar hagu ta fara sacewa a hankali a tsakiyar wata, aka sa mata tub, tsinin wani sukurun ya huda tub ɗin. Ta dama kuwa ruwa ya bi ramukan ya shiga, wayoyin suka yi tsatsa, zanen ya rabu da jiki ta yi ƙulu a gefe guda. Ranar 27 ga Agusta aka cire su duka biyun. Tayoyin da ya kamata su yi shekara sun ƙare a mako bakwai. Daga Yuli zuwa wannan rana motar ta kafe sau 9.

Satumba zuwa Oktoban 2022

Ambaliyar da ta ci sassa da dama na Jigawa a wannan shekara ta shafe hanyar gaba ɗaya. An ajiye motar a kan tudu, shiga da fita sai da kwalekwale. Ba maganar taya a wannan lokaci.

Ranin 2023: bincike da gyara

A watan Fabrairu direban ya kai motar wurin wani dattijon makanike a Haɗeja, wanda ya daɗe yana gyaran motocin da ke shiga daji. Da ya ji labarin ƙusa bai ce komai a kai ba. Tambayarsa ta farko ita ce: "Ɗana, in ta kafe, ƙafafun gaba suna juyawa?"

Direban ya ce yana sa ogzilari, yana kuma murɗa makullan. Yaron motar ne ya ce, "Baba, wani lokaci nakan ji ƙas-ƙas daga gaba ta hagu, sai ƙafar ta tsaya." Sun ɗauka ƙarar tsufa ce.

Da aka kwance murfin makullin hagu, sai ga giris ya bushe ya cakuɗe da laka, haƙoran da ke kama sandar aksil sun cinye. In ba nauyi yakan kama, amma da zarar mota ta buƙaci ƙarfi sai ya suɓuce. Makaniken ya yi bayanin abin da hakan ke nufi. A tsakiyar kowane aksil akwai giyar da ke raba juyi tsakanin ƙafar hagu da ta dama don a iya shan kwana, kuma halinta shi ne duk ɓangaren da ya fi sauƙin juyawa, can juyin ke tafiya. In makulli ɗaya ya saki, duk juyin gaba sai ya zube a wannan sandar da ba ta riƙe da komai, ƙafar dama ma ta rasa ƙarfi. A baya ma haka ne: ƙafar da ta faɗa santsi ita ke ta wulwulawa, ɗayar na tsaye. Ashe damina biyu motar da ake kira mai ƙafa huɗu da ƙafa ɗaya take fama a cikin kwarin.

Tsakanin Fabrairu da Mayu aka yi abubuwa kamar haka. An canza makullan gaba duka biyu. Ƙungiya ta ba shi rance, a riƙa cirewa daga kuɗin dako, ya sayi tayoyi huɗu iri ɗaya, girma ɗaya, masu manyan haƙora irin na taɓo, zurfin zane milimita 14, da faɗin rami tsakanin haƙori da haƙori har yatsa biyu ya shiga. Makaniken ya dage sai huɗun sun zama girma ɗaya, domin in na gaba da na baya suka bambanta, giyar ogzilari ce ke ɗaukar wahalar. Ya kuma nuna masa lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, don kada a sayar masa da wadda ta tsufa a ajiye. Ya sayi gejin iska nasa na kansa da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota.

Sai sarƙa. Tunawa da igiyar yaron mota ce ta kawo wannan, domin ita kaɗai ce a 2021 ta taɓa sa motar ta yi tafiya a cikin laka. Dabarar ma tsohuwa ce: wani Ba'amurke, Harry Weed, ya yi rajistar sarƙar taya a 1904, lokacin da yawancin hanyoyin karkarar Amurka na ƙasa ne, kuma taɓo na cikin abin da aka yi ta dominsa. Wani mai walda ya haɗa musu guda biyu da sarƙa mai kaurin milimita 6, a siffar tsani: dogaye biyu suna zagaye gefen taya ciki da waje, gajeru suna gitta saman zane, tazarar kusan kamu ɗaya tsakaninsu. Gwajin farko ta yi sako-sako, tana dukan jikin mota, ta kusa tsinke tiyon birki. Aka rage tsawonta, aka riƙa ɗaure ta tamau daga waje da robar tsohon tub.

A watan Mayu kuma samarin gari suka yi aikin gayya, suka zuba burji da fasassun bulo a rabin kwarin.

Daminar 2023: yadda aka yi aiki da su

Tsarin da direban ya bi bai canza ba duk daminar. In ya sauka daga kwalta sai ya tsaya, ya rage iska zuwa 22 a gaba, 26 a baya, ya murɗa makullai. Ba ya wuce gudun kilomita 30 a awa da wannan iska. Lodi ya koma buhu 20, a jera su daidai kan aksil na baya, ba a tara su can ƙarshen bodi ba. A rairayi ragin iskar kaɗai ya wadatar, domin tayar takan baje, sawunta ya ƙara tsawo, ta hau kan yashi maimakon ta haƙa shi. In an iso gangaren fadama, yaron mota ya sauka ya taka kwarin da sanda. In sandar ta nutse fiye da kamu ɗaya, a ɗaura sarƙa tun a tudu, aikin minti goma. A sa ƙaramin ogzilari, giya ta biyu, a riƙe totur daidai wa daida, ba a canza giya a tsakiya, ba a taɓa kuloci. In ƙafa ta fara juyin banza, a ɗaga ƙafa daga totur nan take, a ja baya a sawun da aka shigo. A fita kuma, a cire sarƙa kafin burji, a mayar da iska 35 a gaba da 45 a baya kafin a hau kwalta, a kwance makullai.

Na tsaya a gefen kwarin wata safiya cikin Agusta na ga wucewarta. Abin da ido ke fara kamawa shi ne curin laka da ke tashi bayan motar. Kowane juyi, tayar na lanƙwashewa inda ta taɓa ƙasa, ta miƙe in ta ɗago, sai lakar da ke tsakanin haƙora ta ɓanɓare ta faɗi, haƙorin ya dawo ƙasa da bakinsa a buɗe. Sarƙar kuma na yankar laka tana tura ta baya dunƙule-dunƙule.

Daga Yuli zuwa Oktoba motar ta kafe sau 3. Biyu daga ciki ranar kasuwa ce da aka matsa masa ya ƙara lodi, ɗaya kuma ya yi ƙyuyar ɗaura sarƙa saboda dare. Tafiyar kilomita 9 ta tsaya a minti 40 zuwa 50, har da tsayawar iska da sarƙa. Kuloci bai ƙone ba.

Gyaran bai zo kyauta ba. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin fetur ya ninka fiye da sau biyu, ga tayoyin taɓo sun fi shan mai, ga ragin lodi na nufin ƙarin sawu. Sai da ƙungiya ta ƙara masa kuɗin dakon kowane buhu. Sarƙar kuma ta riƙa yage hanya tana barin ramuka masu zurfi, 'yan acaɓa suka kai kuka wurin mai unguwa. Aka sasanta a kan mota ta riƙa bin gefen gabas na kwarin kawai, a bar wa babura gefen yamma. Burjin aikin gayya kuwa ruwan Agusta ya kwashe fiye da rabinsa.

2024

A Nuwamban 2023 direban ya cire tayoyin taɓon ya jingine su a ɗaki inda rana ba ta taɓa su, ya mayar da na kwalta, domin kwalta na cinye manyan haƙora da sauri. A Yunin 2024 aka mayar da su da zurfin milimita 11. Daminar ta wuce da kafewa 2. An sake walda gajerun sarƙoƙi huɗu da suka cinye.

Hukunci: me ya kasa, me ya yi aiki, kuma don me

A ganina direban da ƙanensa ba su yi wauta ba. Sun gane daidai cewa matsalar ta kamun ƙasa ce, ba ta ƙarfin inji ba, alhali direbobi da yawa har yau totur suke ƙarawa. Kuma nasarar safiyar yayyafi ta gaskiya ce. A ranar fadama ta ɗauki siffar da ƙusa ke so, wato siririn santsi a sama da tauri a ƙasa, wanda shi ne yanayin ƙanƙara. Abin da ya ɓata lissafin shi ne irin wannan yanayi kwanaki kaɗan ne a farkon damina. Sauran watannin laka ce mai zurfi, kuma mota a cikinta ba ta tafiya da caka. Tana tafiya ne da kwasar laka mai yawa ta tura baya, sannan tayar ta zubar da abin da ta kwasa kafin ta sake taɓa ƙasa. Kan sukuru mai tsawon milimita uku ko huɗu ba ya iya ko ɗaya daga cikin biyun. Ƙari a kan haka, zare mai milimita 10 a cikin zane mai milimita 8, ƙarƙashin tan ɗaya da rabi, hudawa ce kawai ake jira. Wannan ɓangaren ne ya fi tayar mini da hankali, domin tayar da ta yi ƙulu tana iya fashewa a kwalta da mutane a kan kaya. Ba zan ba kowane direban yankinmu shawarar ya gwada ba, ko da na 'yan kwanakin yayyafi ne.

In aka ce in jera gyare-gyaren bisa nauyinsu, makullin gaba ne na farko. Shi ne mafi araha a cikinsu, kuma shi ne aka fi daɗewa ba a duba ba, saboda hankalin kowa na kan taya. Na biyu zane mai zurfi tare da ragin iska, waɗanda ba na raba su, don tayar da aka cika tam ba ta lanƙwasa balle ta zubar da laka. Na uku ragin lodi, kuma kafewa biyu na ranar kasuwa sun nuna haka. Sarƙa ce ta ƙarshe, duk da ita mutane suka fi gani suka fi magana a kai. Amfaninta a mita 300 ne kawai cikin kilomita 9, a ranakun da suka fi muni, kuma tana da ɓarnarta a kan hanya. Tunda an yi gyare-gyaren ne a rani guda, wannan jeri ra'ayina ne bisa abin da na gani da abin da littafi ya nuna, wani na iya sa taya a gaban makulli.

Kwarin kansa yana nan yadda yake. Ruwa na ratsa hanyar ne a wuri ɗaya, kuma duk burjin da aka zuba ba tare da an ba ruwan mafita ta ƙasa ba, Agusta zai kwashe. Ƙungiya ta rubuta takardar neman a gina kwalbati mai baki biyu a wurin, ta kuma fara tara kuɗin siminti da rodi daga kowane buhun shanshera da aka fitar, ko da za a ce gari ya kawo nasa kason.